Mahaifin Matata, Mai Auna Zartsin Rijiyoyi

Ranar da muka dawo daga maƙabarta, zauren gidan bai ɗauki mutane ba, sai da aka shimfiɗa tabarmi har gindin darbejiyar ƙofar gida. Daga wurin Allah muka fito, can kuma kowa zai koma a ranarsa, wannan karon ranar surukina ce, mahaifin matata. Ni ina can gefe wajen takalma, inda na saba durƙusawa duk lokacin da na zo gaishe shi. Ba wanda ya ce in zauna nan, ƙafafuna ne suka kai ni.

Daga inda nake ina jin abin da masu ta'aziyya ke faɗa. Wani dattijon Bafulatani ya tako da ƙafa tun daga wajen Sharabi, ya jingina sandarsa, ya yi addu'a doguwa. Da ya shafa sai ya ce mamacin nan ne ya raba musu rijiyoyi, ya nuna musu mai kanwa wadda ta dace da shanu, da mai daɗi wadda za a bar wa yara. Ya tambayi zauren ko yanzu wa zai riƙa tambayar rijiyoyi lafiyarsu. Wata tsohuwa daga Bahindi ta aiko a faɗa cewa ba ta taɓa ganin ya haɗiye ruwan gidan mutane kai tsaye ba, sai ya riƙe shi a baki yana kallon sama, kamar mai son tuna sunan wani. Shi kuwa mai gyaran rediyo na bakin kasuwar Bagudo, Bayarabe ne Kirista, da muka ɗaga hannu shi ma ya buɗe nasa tafukan a kan gwiwa. Hawaye na zuba ya ce ya rasa wanda zai zaga da safe. Wasu suka yi murmushi, domin kowa ya san Baba, wato mamacin, asalinsa Bagobiri ne, kuma wasan da ke tsakaninsu bai taɓa hutawa ba.

Ni da girmana na fara koyon rubutu, hannuna kuma har yanzu a hankali yake tafiya. Amma ina tsoron nan da wasu shekaru rijiyoyin su ci gaba da ba da ruwa, a rasa mai tuna wanda ya san halin kowace ɗaya. Shi ya sa na zauna in ajiye abin da na gani.

Baba mahaƙin rijiya ne tun yana saurayi. Tafin hannunsa kamar bayan ƙwarya yake don tauri, idanunsa kuma kullum a ɗan runtse, irin na wanda ya daɗe a ƙasan rami yana kallon sama ta zama kamar ɗan faifai. Yakan ce a can ƙasa duniya shiru take, har mutum yakan ji ruwa yana tahowa kafin ya gan shi. Daga baya ma'aikatar ruwa ta ɗauke shi aiki. A shekarar da aka yanko Jihar Kebbi daga Sakkwato, aka yi ta rabon kaya da ma'aikata, wasu suka nufi Birnin Kebbi, wasu suka tsaya. A cikin wannan kai da kawo ne wani injiniya mai kirki ya zaunar da shi ya koya masa aiki da wani ɗan akwati, ya damƙa masa shi, aka ce ya riƙa zagaya rijiyoyin ƙasar Bagudo har zuwa bakin iyakar Benin.

Akwatin bai fi ƙaramar rediyo ba. Yana da fuskar gilashi mai lambobi, da allura siririya a ciki, da waya doguwa wadda ta ƙare da ɗan sanda mai ƙarfe biyu a baki. In aka tsoma ƙarafan a ruwa aka danna, sai allurar ta tashi a hankali kamar mai farkawa daga barci, ta yi ɗan lilo, ta tsaya. Mutanen ƙauye sukan kewaye shi su yi tsit. Wasu sun ɗauka duba yake yi.

Shi kuwa ba ya ɓoye yadda abin yake. Yakan ce wutar batir matafiyiya ce da ta iso bakin Kwara tana son ta haye daga wannan ƙarfe zuwa wancan. Ruwan sama tsantsa kogi ne babu jirgi, sai ta tsaya a gaɓa tana kallo. Gishiri da kanwa da suka narke a ruwa su ne jiragen fito. In sun yi yawa, wuta ta haye a sauƙaƙe, allura ta yi sama. In sun yi kaɗan, allura ta kwanta. Mai gyaran rediyo, wanda yake sayar masa da batir yake kuma buɗe akwatin in ya yi gardama, shi ya ƙara masa da cewa akwatin ba ya tura wutar gefe guda kawai, kai da komowa take yi kamar ranar kasuwa, don kada gaɓa ɗaya ta cushe ƙarfen ya yi datti ya fara ƙarya. Baba ya ce wannan ne karo na farko da ya ji Bayarabe ya faɗi abu mai amfani ba tare da ya ci barkono ba. Shi kuma ya ce ai Bagobiri ko an ba shi jirgin sama, rami zai nema ya shiga.

Yana da wasu halaye da ba ya sake su. A jakar kekensa kullum akwai kwalbar ruwan sama da yake tarawa da damina, da shi yake wanke ƙarafan kafin awo da bayan awo, kuma ko ƙishirwa za ta kashe shi ba ya shan wannan ruwa. Ba ya son auna ruwan da ya sha rana, ya ce ɗumi yana sa allura ta yi zumuɗi ta wuce gaskiya, don haka da sanyin safiya yake fita. Na sha hango shi daga nesa yana ratsa fadama a kan keke, raɓa na tashi daga ciyawa ta rufe tayoyin, sai ka ga kamar mutumin a kan farin hayaƙi yake tafiya, akwatin na ɗaure a bayansa cikin tsohon zane. Har yanzu in na yi mafarkinsa a haka nake ganinsa, yana tafiya ba ya kusantowa, ba ya kuma ɓacewa.

Abin da ya fi tsayawa a kai shi ne akwatin gishiri kaɗai ya sani, bai san cuta ba. An taɓa yin wata sabuwar rijiya a wani ƙauye, allura ta kwanta luf, mai gari ya ce to Baba ya sanar wa jama'a ruwa lafiya lau. Baba ya dubi wani ramin shara da ke kusa da bakin rijiyar ya ce shi dai abin da zai iya faɗa shi ne babu zartsi, sauran kuwa sai a gusar da sharar a ɗaga bakin rijiya. Mai gari ya ji haushi, ya ce an kawo musu na'ura mai rabin baki. Baba ya ɗaure akwatinsa ya hau keke, ko furar da aka dama masa bai tsaya sha ba. Bayan kwana kaɗan kuma sai ga shi ya koma da buhun siminti a bayan keke, ya kama musu ginin bakin rijiyar da hannunsa.

Wannan shi ne mutumin da kowa ya sani. Ni wanda na sani daban ne, domin ni surukinsa ne, kuma matata ita ce ƴarsa ta fari. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. In muka yi kiciɓis a hanya nakan cire takalmi in durƙusa, ya amsa gaisuwar yana kallon wani wuri. Ita ma matata ba ya kama sunanta, ba ya kuma doguwar magana da ita, kunyar ɗan fari. Duk abin da zai zo mana daga gare shi sai ya bi ta bakin ƙanwarsa, wadda muke kira Gwaggo, daga ita zuwa matata, daga matata zuwa gare ni.

A wancan lokaci kowane rani nakan tafi ci-rani. Da an gama girbi sai in ɗaure ƙunshina in bi ta Dole Kaina in shiga ƙasar Benin, in yi dako, in yi kwasar kaya a bakin ruwa, ba na dawowa sai hadari ya fara haɗuwa. Yarana suna girma a bayan idona. Na taɓa dawowa ƙaramar ƴata ta ɓuya a bayan uwarta tana tambayar wane ne wannan baƙo. Tun daga ranar na ƙudura sai na sami abin da zai zaunar da ni gida. Akwai wani fili da mahaifina ya bar mini a gefen fadama, na haƙa rijiya a ƙasan kwarin inda ruwa yake kusa, na kafa jigo, na ja fangali na dasa albasa. Shekarar farko ta yi kyau har maƙwabta suna zuwa kallo. Na yi rani a gida. Da la'asar nakan zauna a bakin rijiyar ina kallon fuskata a ƙasa tare da gajimare, ina jin kamar na gama tafiya ke nan a duniya.

Baba yakan biyo ta lambun a kan hanyarsa, amma sai ya daidaici lokacin da ba na nan. Ni dai nakan tarar da sawun tayar keke da ɗan jiƙon ƙasa a inda ya zubar da ruwan awo. Ban taɓa tambaya ba, ina ni ina tambayar suruki abin da ya gani. A shekara ta biyu Gwaggo ta gaya wa matata, matata ta gaya mini, wai Baba ya ce lambu ya yi kyau, sai dai a riƙa lura da ruwan. Na ce to, na gode, na ƙara yawan ban-ruwa, don na ɗauka nufinsa ke nan. A shekara ta uku saƙon da ya iso ni shi ne wai Baba ya ce ruwan nan yana da ɗan nauyi, Allah ya sa albarka. Na ɗanɗana, na ji ɗan zartsi kaɗan a ƙarshen harshe, irin wanda muka saba da shi a rijiyoyin kwari. Na ce amin.

Amma albasa ta fara magana da kanta. Bakin ganyen yana ƙonewa kamar an gifta masa wuta, kawunan ba sa cika hannu. Da rana in fangali ya bushe sai wani fari-fari ya fito a gefensa kamar an barbaɗa gari. Ni kuwa duk abin da na gani sai in ƙara ruwa. Na fara lissafin ko bana ma sai na koma ɗaure ƙunshi.

Daga baya matata ta ba ni labarin faɗan da aka yi a gidansu. Ashe abin da Baba ke faɗa wa Gwaggo tun shekara ta biyu shi ne allura tana hawa kowane rani, rijiyar gishiri take jawowa, kuma kowane guga da na zuba ƙasar nake kashewa. Gwaggo ta ga ba za ta iya kai wa ƴar ɗan'uwanta wannan ɗanye ba, sai ta rage masa zafi. Matata ita ma ta ga yadda nake son wurin, ta ƙara ragewa. Ranar da Baba ya gane, matata na tsakar gida tana ji.

"Na ba ki barkono ki kai, kin kai musu zuma," in ji shi.

"Kai da ke da akwati da baki ka kasa," in ji Gwaggo, "sai ni za ka sa in rushe wa ɗiyarka gida? Yaron ga da hannunshi ya haƙa ramin nan."

Wai Baba ya sunkuyar da kai. Ya daɗe zaune yana juya hularsa a gwiwa.

Washegari da safe ina kan jigo sai na ji ƙarar keke. Na waiga na gan shi, na yi maza na saki igiya na cire takalmi na durƙusa. Ina jiran ya amsa ya wuce. Sai na ga ya jingina keken, ya cire nasa takalmin, ya zo dab da ni ya durƙusa shi ma, gwiwarsa kusa da tawa. Ban san inda zan sa idona ba. Tsuntsayen fadama suna ta kuka, amma ni kamar daga ƙasan rijiya nake jin su.

"Yau ba surukinka ya zo ba," ya ce. "Mai rijiya ne ya zo wurin mai lambu. Ɗago ka duba."

Ya zuba ruwan samansa a ƙoƙo ya tsoma ƙarafan, allura ta ɗan motsa ta koma barci. Ya ɗebo na rijiyata ya tsoma. Allurar ta tashi, ta wuce tsakiya, ta ci gaba da tafiya, har na ji kamar in sa yatsa in tare ta.

"Rijiyar ga ta juya maka baya. In ka ƙara rani guda da ita, ƙasar ma bin ta za ta yi."

Na ce, "Baba, in na bar ta, sai hanya."

"Na sani," ya ce. "Shi ya sa na taho da kaina."

Ya bayyana mini cewa kwarin nan ruwa yake tarawa ya bushe ya bar gishirinsa, shekara bisa shekara. Ya ce in ƙyale fangalin damina ta wanke shi. Sa'an nan ya miƙe ya ja ni zuwa can tudun filin, kusa da wata giginya, inda ƙasar take da yashi. Ya ce zuciyarsa na ba shi akwai ruwa mai daɗi a nan, amma da zurfi, kuma ba zai yi mini alkawari ba, domin akwatin ba ya gani ta cikin ƙasa, sai an kawo masa ruwa a ƙoƙo yake magana. In na haƙa na tarar da zartsi, na yi asarar ƙarfina, kuma hanyar Benin tana nan tana jirana. Na ce zan haƙa. Ya sa takalminsa ya hau keke. Da na sake gamuwa da shi a gari na durƙusa kamar kullum, ya amsa yana kallon wani wuri, kamar ba a taɓa yin wannan safiya ba.

Na fara haƙa bayan ruwa ya ɗauke. Da farko yakan zo ya zauna a inuwar giginyar, bayansa gare ni, yana magana da iska. Sai ka ji ya ce da a ce wani yana haƙa a nan, da ya gyara gefen gabas kafin ya rufta. Ni kuma daga cikin rami in gyara gefen gabas. In na turo ƙasa a guga sai ya damƙa ya shinshina ya murza, ya ajiye. Haka muka yi ta yi har ciwo ya kwantar da shi. Ƙafafunsa suka kumbura, idonsa ya dushe, keken ya koma jingine a zaure. Na ci gaba ni kaɗai. Abokan tafiyata suka fara shiri, suna tambayata ko a jira ni. Na ce su ba ni kwana kaɗan.

Wata safiya ina sara sai na ji ƙasar ta yi sanyi a tafin ƙafata. Na tsaya. Shirun nan da yake faɗa na ji shi, sa'an nan yashin ya yi duhu, ruwa ya fara tsattsafowa ta gefe yana taruwa a sawuna. Na bari ya kwanta, na cika kwalba, na nufi gidansu ko wanka ban yi ba.

Na tsaya a zaure na ba da kwalbar a shiga da ita. Sai Gwaggo ta fito ta ce wai in shigo. Tun da na auri ƴarsa ban taɓa taka ɗakinsa ba. Na same shi kwance ya rame, haske na shigowa ta ƴar taga yana sauka a kan hannunsa. Matata na tsaye a bakin ƙofa. Ya sa aka jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, ya lalubi sandan, hannun ya kasa riƙewa. Ya ce an gaya masa ina zuwa ajin yaƙi da jahilci da yamma, ko mun kai lambobi. Na ce mun kai. Ya ce to in wanke ƙarafan da ruwan sama, in yarfe, in taɓa kwalbar in ji ko ta huce daga zafin hanya. Na yi duk yadda ya ce. Na tsoma, na danna.

Allurar ta tashi. Ina jiran ta wuce tsakiya. Ta yi ɗan lilo can ƙasa-ƙasa, ta tsaya. Na kai fuskata kusa da gilashin ina bin lambobin ɗaya bayan ɗaya, na faɗa a hankali.

"Ɗaga murya," ya ce, "ba gaisuwa kake ba."

"Tsakanin ɗari uku da ɗari huɗu, Baba."

Ya sa na zubar na sake ɗiba na sake aunawa. Ta tsaya a wuri guda. Ya rufe ido ya daɗe, har Gwaggo ta matso tana duba shi. Sai ya juyo da fuskarsa wajen ƙofa, inda ƴarsa take, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

"Kwance mishi ƙunshin nan," ya ce mata. "Bana yana gida."

Bai kai ga ganin lambun ba. Na yafa irin albasa a sabon wurin Baba yana da rai, irin ya tsiro bayan mun kai shi makwancinsa. Da aka share makoki na ɗauki akwatin da kwalbar ruwan saman na mayar wa ma'aikatar, domin kayansu ne. Yanzu dashe ya kama, ganyen kore ne har baki, ƙaramar ƴata ce ke kora mini awaki.

Allah ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci, ya sa sanyi a inda yake kwance. Allah ya shayar da shi ruwan da ba ya buƙatar awo.